182 bisa 104 da ƙarfe biyun dare: allura ko haƙuri?

Wajen ƙarfe biyu na dare nas ta zo zagayen awo, ta ɗaura wa Kawu ɗamarar na'urar awon hawan jini a dantse. Da la'asar ɗin ranar aka yi masa aikin ƙaba a wani asibiti a nan Kumasi, ni ne kuma ke jinyarsa a daren. Na'ura ta yi ƙugi, ta saki iska, sai ga 182 bisa 104. Nas ta dubi lambar, ta dube ni, ta fita kiran likita. Ni kuwa gabana ya riga ya faɗi, domin a unguwar Aboabo babu layin da ba za ka nuna gidan da hawan jini ya kwantar da wani ba.

Likitan da ya zo matashi ne, ɗan Zango, idonsa ja wur saboda rashin barci. Bai ko kalli inda allurai suke ba. Ya durƙusa kusa da gadon ya ce, "Baba Alhaji, sannu. Kanka na ciwo? Kana gani garau? Ƙirji fa, akwai nauyi?" Kawu ya ce babu ko ɗaya, wurin ɗinkin ne dai ke masa zugi, kuma tun magariba fitsari ya ƙi fita. Likita ya taɓa mararsa, ya sa aka saka masa robar fitsari, ya rubuta maganin raɗaɗi, ya ce a sake awo bayan rabin awa. Da aka sake, 158 bisa 92. Ya tafi abinsa.

Da asuba matar Kawu ta iso da koko da ƙosai, na ba ta labari. Ta riƙe haɓa ta ce, "Ɗari da tamanin, ko allura ba su yi masa ba? To me muka zo yi asibiti?" Abin da ya ƙara tunzura ta, mai jinyar gadon da ke kusa da mu ya ce shekaranjiya nasu mara lafiyar 175 kawai ya kai, wani likitan ya sa aka yi masa allura nan take. Wod ɗaya, na'ura ɗaya, hukunci biyu. Wannan saɓanin ba na asibiti ɗaya ba ne, ba kuma na Gana kaɗai ba. Likitoci a ko'ina sun daɗe suna ja-in-ja a kansa, kuma ya kamata mu da muke zaman jinya mu san tushen gardamar.

Abu na farko, lamba ɗaya tana iya zama alamar abu biyu da ba su da haɗi. Akwai wanda jininsa ya hau, sau da yawa sama da 180 bisa 120, kuma a daidai lokacin yana lalata wani sashe na jiki: ƙwaƙwalwa ta rikice, baki ya karkace ko hannu ya saki, gani ya dushe, ƙirji ya ɗaure, ruwa ya taru a huhu har numfashi ya gagara, ko ƙoda ta fara tsayawa. A kan wannan babu likitan da ke musu. Allura ce ta jijiya, da sa ido minti bayan minti. Amma ko a nan ba a yarda a fizgo jinin ƙasa gaba ɗaya ba. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce kada a rage fiye da kashi 25 cikin 100 a awa ta farko, sannan a gangara zuwa wajen 160 bisa 100 cikin 'yan awoyi, sauran a bi shi a hankali cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Mai ciki lissafinta daban ne: da zarar ta kai 160 bisa 110 ba a jira, saboda tsoron jijjiga da zubar jini a ƙwaƙwalwa. Wanda kuma ɓarin jikinsa ya shanye saboda toshewar jijiya, abin mamaki, akan bar jininsa a sama a kwanakin farko matuƙar bai wuce 220 bisa 120 ba, sai fa in za a yi masa allurar narkar da gudan jini. Ƙwaƙwalwar da ke cikin ƙishi tana buƙatar wannan matsin.

Na biyun shi ne irin na Kawu. Lamba ta hau, mutum kuwa yana hira, babu wata gaɓa da ke nuna alamar cutuwa. Mafi yawan hawan jinin da ake gani a wod irin wannan ne, kuma a kansa ake rigimar.

Wanda ya taɓa kwana a wod ya san ba wurin samun awo na gaskiya ba ne. Awon da ake yanke hukunci da shi yana son mutum ya zauna minti biyar shiru, bayansa a jingine, ƙafa a ƙasa, hannu a tallafe daidai ƙirji, mafitsara babu fitsari. A wod fa? An tashe ka daga barcin da da ƙyar ka samu, fitila a kunne, wani yana nishi a gefenka, ciwo na cinka, tunanin kuɗin magani na cinka. Ga ƙarin ruwa mai gishiri yana ɗiga cikin jijiya tun safe. Wataƙila an ba ka diklofenak ko ibufurofen, ko deksametazon, dukkansu suna ɗaga jini. Wataƙila kuma kana da maganinka na hawan jini a gida, a ruɗewar kawo ka aka bar shi a kan taga, kwana biyu ba ka sha ba, babu wanda ya tambaya. Ita kanta ɗamarar awon tana yin ƙarya. Wani gwaji da aka buga a Amurka a 2023 ya nuna cewa idan aka ɗaura ɗamara matsakaiciya a dantsen da ke buƙatar mafi girma, lambar sama takan ƙaru da kusan 20. Ka tuna ƙiba irin ta wasu iyayenmu mata, ka tuna kuma cewa sau da yawa ɗamara ɗaya ce ke zagaye gadaje duka. A Ajantina an taɓa gwada mutum 549 da suka zo sashen gaggawa da jini a sama ƙwarai ba tare da wata illa ba, aka ce su huta minti 30 kawai. Kusan kashi ɗaya cikin uku jininsu ya sauka ba ƙwaya ba allura. Ruwa ba ya tsami banza. Likitan da ya taɓa marar Kawu abin da ya tsamar da ruwan ya nema.

Sai dai mutum zai ce, to in an yi allurar ma mene ne? Ai saukar jini alheri ne. A nan ne abin yake da wuyar shiga kai. Ɗauki gidan bene da bututun ruwansa suka tsufa, tsatsa ta cike cikinsu. Ruwa ba ya kaiwa hawa na sama sai da matsi mai ƙarfi. Ranar da aka rage matsin farat ɗaya, na ƙasa ba za su ji komai ba, na sama ne famfonsu zai bushe. Jikin da ya shekara goma da hawan jini haka yake. Jijiyoyin ƙwaƙwalwa da ƙoda da zuciya sun yi kauri, sun saba karɓar rabonsu a kan matsi mai yawa. Lambar da take lafiya lau ga saurayi tana iya zama fari ga dattijon da ya saba da 170. Idan aka fizgo shi zuwa 120 cikin minti ashirin, ƙoda na iya jigata, zuciya ta rasa isasshen jini, ko ya miƙe zuwa bayi jiri ya kwashe shi ya karye. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Likitoci sun riga sun ɗanɗana wannan. A da, abin yayi ne a huda ƙwanson nifedifin, wani maganin hawan jini mai saurin aiki, a matse shi ƙarƙashin harshen mara lafiya. Lamba takan rikito nan da nan, kowa ya yi murna. A 1996 mujallar likitanci ta JAMA ta buga wata maƙala da ta tattara rahotannin waɗanda wannan dabara ta jawo wa shanyewar jiki da bugun zuciya da mutuwa, ta nemi a daina. Nifedifin mai sakin kansa a hankali, wanda mutanenmu da yawa ke sha kullum, ba shi ake nufi ba.

Daga baya manyan alƙaluma suka fito. A asibitocin Cleveland Clinic na Amurka an bi bayanan mutum 22,834 da aka kwantar saboda cututtukan da ba na zuciya ba. Kashi 78 cikin 100 an samu jininsu a sama aƙalla sau ɗaya. Da aka kwatanta waɗanda aka yi wa magani da takwarorinsu da aka ƙyale, raunin ƙoda ya kai kashi 10.3 a cikin na farko, 7.9 a cikin na biyu, raunin zuciya kuma 1.2 da 0.6. A 2023 wani binciken a asibitocin tsofaffin sojojin Amurka, mai mutum sama da 66,000 'yan shekara 65 zuwa sama, ya zo da labari iri ɗaya, kuma waɗanda aka yi wa allurar jijiya su suka fi shan wahala. A 2024 Ƙungiyar Zuciya ta Amurka ta fitar da matsaya: a sake awo yadda ya dace, a nemi abin da ya tayar da jinin a gyara, a mayar wa mutum maganinsa na gida, a guji allura ga wanda ba shi da alamar cutuwa. Har sunan da aka saba kiran yanayin da shi, mai ɗauke da ma'anar gaggawa, suka ce a bari, domin sunan kansa yana ingiza likita ya yi abin da bai kamata ba. Gaskiya ne cewa binciken nan bin bayanan asibiti ne, ba gwajin da aka raba mutane ta hanyar ƙuri'a ba, kuma mai yiwuwa waɗanda aka yi wa magani dama sun fi jin jiki. Amma duk inda aka duba, amfanin gaggawar bai bayyana ba, illarta ce ke ta leƙowa.

To me ya sa har yanzu allurar dare ba ta mutu ba? Ni a ganina ba jahilci ba ne. Tsoro ne, kuma tsoron yana da tarihi. A watan Afrilun 1945 shugaban Amurka Faranklin Ruzbelt ya mutu da zubar jini a ƙwaƙwalwa, jininsa ya haura 300 bisa 190, bayan shekaru yana hawa a gaban idon likitocinsa. A zamanin akwai manyan likitocin da ke ganin hawan jini wata dabara ce ta jiki da bai kamata a taɓa ba. Sai a 1967 gwajin da likitan Amurka Edward Freis ya jagoranta ya tabbatar cewa magani yana ceton masu hawan jini mai tsanani. Tun daga nan aka yi ta cusa wa ɗaliban likitanci cewa lamba mai yawa abokiyar gaba ce. Darasin daidai ne, amma darasi ne na shekaru, na abin da hawan jini ke yi wa jiki a hankali. Kuskuren shi ne ɗaukar darasin shekara goma a yi aiki da shi a dare ɗaya.

Sannan ka dubi wanda ake tasa da ƙarfe biyun dare. Ba babban likita ba ne, ƙaramin da ke sanin makamar aiki ne, shi kaɗai da gadaje masu yawa. Ya san da safe za a yi zagaye, babba zai buɗe folda ya ga 182 an zagaye da jan biro, ya tambaya me aka yi. "Na ba da haidralazin", wato maganin saukar da jini, amsa ce da ke rufe baki. "Na duba shi na ƙyale" tana buƙatar bayani da ƙarfin hali. In ya ƙyale, mara lafiya ya samu matsala da asuba ko da ba hawan jinin ne sanadi ba, sunansa ne a takarda. In kuwa ya yi allura ƙoda ta jigata bayan kwana biyu, da wuya wani ya haɗa wannan da wancan, za a ce ciwon ne ya ci ƙarfinsa. Laifin rashin yi a fili yake, laifin yi a ɓoye. Kowane ɗan Adam aka sa a wannan matsayi zai karkata inda ba za a zarge shi ba.

Akwai kuma umarnin da akan rubuta tun da rana, cewa in ya wuce kaza a ba shi kaza. Wannan yana sauƙaƙa wa kowa, nas ba sai ta tayar da likita ba, likita ba sai ya taso ba. Amma ma'anarsa ita ce za a yi wa lamba magani ba tare da kowa ya tambayi mai lambar ko fitsari ya matse shi ba. Ga matsin ɗakin tiyata: aikin da ba na gaggawa ba akan ɗage shi idan jini ya kai 180 bisa 110, don haka wanda ke son a shiga da mara lafiyarsa gobe yana da dalilin ganin lamba ta yi kyau yau. Mu ma masu jinya muna da namu kason, kuma ba ƙarami ba. A wurinmu likitan da ya yi allura shi ne ya yi aiki. Wanda ya yi tambayoyi ya tafi, sai mu ce bai damu ba, ko don ba mu da kowa ne. Ɗan Zangon da ke aiki a asibiti ya fi kowa sanin wannan, domin gobe a masallaci ko wajen suna zai ji labarin kansa.

Duk da haka ba zan ɗauko abin da aka gano a Amurka in kife shi a kan Kumasi yadda yake ba. Likitan da ya yi aiki a Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye, wanda kowa ke kira Gee, ko a Korle Bu a Akra, abin da idonsa ya gani daban ne. Binciken SIREN da aka yi a Najeriya da Gana, wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan ya jagoranta, kuma Farfesa Fred Stephen Sarfo na nan Kumasi yana cikin jiga-jigansa, ya nuna a 2018 cewa kusan kashi 90 cikin 100 na shanyewar ɓarin jiki a yankinmu yana da nasaba da hawan jini. Wani nazari na 2021 da ya tattara binciken da aka yi a Gana ya samu cewa kusan kashi 27 cikin 100 na manya suna da hawan jini, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka san suna da shi, waɗanda kuma jininsu ya daidaita ba su wuce kashi 6 ba. Wanda ke ganin 'yan shekara arba'in ana shigo da su baki a karkace, ba za ka ga laifinsa ba in hannunsa ya yi saurin kaiwa ga allura.

Bambancin da ya fi muhimmanci yana wajen sallama. Wani likitan Amurka mai suna Anderson da abokan aikinsa sun nuna a 2019 cewa tsofaffin sojojin Amurka da aka ƙara wa maganin hawan jini ranar sallama sun fi komawa asibiti cikin wata ɗaya, kuma bayan shekara ba su fi sauran tsira daga ciwon zuciya ba. Shawarar da ta biyo baya ita ce a bar wa likitan da ke duba mutum a waje ya daidaita maganin. Madalla, ga wanda yake da irin wannan likitan. Dillalin goro da rabonsa da awo tun gwajin tafiya Hajji, wa zai bar wa? Mai sayar da wake da shinkafa da ke tashi ƙarfe uku na dare, yaushe za ta je layin asibiti alhali ba abin da ke mata ciwo? Ga mutanenmu da yawa, kwanciyar nan ita ce karo na farko da aka auna su sau goma a jere, kuma wataƙila ba za a sake ba sai ranar da aka kawo su ranga-ranga.

Shi ya sa nake ganin mun juya abin. Inda ake buƙatar haƙuri, wato tsakar dare, nan ake gaggawa. Inda ake buƙatar naci, wato ranar sallama, nan ake sakaci. Idan jinin mutum ya ƙi sauka kwana uku bayan ciwo ya lafa, an cire ƙarin ruwa, yana barci, wannan ba hayaniyar wod ba ce kuma. Ya cancanci a duba ƙodarsa da fitsarinsa da zuciyarsa, a zaunar da shi a gaya masa da harshen da yake ji, a rubuta masa ranar dawowa cikin mako ɗaya ko biyu. In lambar ta yi yawa ƙwarai, ko an ga ta riga ta taɓa wata gaɓa, a fara masa ƙwaya mai aiki a hankali tun kafin ya fita. Abin da za a ba shi ma an gwada shi a kan baƙar fata a nahiyar nan: gwajin CREOLE da Farfesa Dike Ojji na Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka shida, aka buga a 2019, ya nuna haɗin da ke da amlodifin a ciki ya fi saukar da jini. Amlodifin kuwa yana cikin magungunan da inshorar lafiya ta ƙasa, wadda aka kafa a 2003, take biya, in katin mutum bai mutu ba. Sabunta shi ta waya ne, *929#.

Mu da Kawu, a nan aka yi mana gajarta. Likitan dare ya yi abin da ya dace, amma ranar sallama aka ba mu maganin raɗaɗi da ranar cire zare, ba wanda ya ambaci jini, alhali duk kwanakin nan bai taɓa sauka ƙasa da 150 ba. Ni ne na tsaya a teburin nas na roƙa ta karanta mini lambobin na kwafe a bayan takardar rasit. Da ya warware, na riƙa kai shi wani kemis kusa da gida da safe kafin ya ci goro ko ya sha shayi, ya zauna ya huta sannan a auna. Kwana uku daban-daban: 156 bisa 96, 160 bisa 94, 154 bisa 98. Da wannan takardar muka koma asibiti, likita ya duba ya ɗora shi a kan amlodifin, ya ce a rage gishiri da dunƙulen miya da kifin nan mai gishiri da ake jefawa a miya.

Matar Kawu har yau ba ta yafe wa likitan daren nan ba. Duk sanda zancen ya taso sai ta ce yaron kirki ne, ya iya gaisuwa, amma ɗari da tamanin ai allura ake yi. Ita ce dai ke ajiye ƙwayar a cikin gwangwanin da ke kusa da butar alwalarsa, ta tsaya a kansa bayan sallar asuba har sai ya haɗiye.